Borin Jini na Abinci: Ko Maganinsa Yana Cikin Tsirrai?

Akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar wasu nau'o'in abinci, kamar gyaɗa, ƙwai, madarar shanu ko kifi. Da zarar sun ci, sai garkuwar jikinsu ta ɗauki abincin a matsayin abokin gaba, wasu ƙwayoyin jiki su saki sinadarin histamin. Daga nan sai ƙaiƙayi da ƙuraje da kumburin leɓe su biyo baya. Idan abin ya tsananta, numfashi kan sarƙe, har ya kai ga rasa rai. Wannan ya sa masana suka daɗe suna neman magani a cikin tsirrai, suna fara gwaji da ɓeraye.

Abin da Aka Gani a Jikin Ɓeraye

Sinadarai biyu sun ja hankalin masu bincike. Na farko shi ne kwasetin, wanda yake da yawa a cikin albasa. A shekarar 2010, masana a Iran sun ba da shi ga ɓerayen da aka sa wa borin gyaɗa, kuma alamomin cutar suka ragu. Na biyu shi ne kurkumin, mai ba gangamau launinsa na rawaya. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2015 ya nuna cewa ya rage borin furotin ɗin ƙwai a hanjin ɓeraye.

Sai dai ɓera daban, mutum daban. A 2005, Dakta Xiu-Min Li da abokan aikinta a asibitin Mount Sinai na birnin Niyok sun nuna cewa wani haɗin tsirrai tara na ƙasar Sin, mai suna FAHF-2, ya kare ɓeraye daga mummunan borin gyaɗa. Da aka gwada shi a kan mutane 68, sakamakon da ya fito a 2015 ya nuna bai cutar da su ba, amma ba a tabbatar da amfaninsa ba. Ƙwaya talatin ake sha kullum har wata shida, kuma da yawansu sun kasa jurewa.

Shawara ga Malaman Gona

Ya kamata malaman gona su fahimtar da manoma cewa cin albasa ko shan gangamau ba ya warkar da borin jini. Wanda gyaɗa ke tayar masa da cutar ya guje ta gaba ɗaya, har da ƙuli-ƙuli da tunkuza da kunun gyaɗa, domin suya ko dahuwa ba sa kawar da haɗarin. Kada kuma a haɗa wannan cuta da gubar afulatoksin da ke cikin gyaɗar da ta yi fumfuna, wadda ke illa ga hantar kowa.

Duk wanda numfashinsa ya sarƙe bayan cin abinci, a garzaya da shi asibiti nan take, domin allurar adirinalin ita ce taimakon farko.