Ana ci ana ramewa: yadda bakteriya ke kwashe abinci a ƙaramin hanji

Da zarar ciki ya kumbura bayan cin abincin rana, abin da ke fara zuwa zuciyar ma'aikaci shi ne olsa, sai ya biya kemis ya sayi omeprazole. Amma akwai wata larura mai kama da ita, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da SIBO, wato yawaitar bakteriya a ƙaramin hanji.

Ƙaramin hanji, mai tsawon kusan mita 6, shi ne wurin da jiki ke tsotse amfanin abinci. Bisa ƙa'ida bakteriya kaɗan ne a cikinsa, domin babban hanji ne matattararsu. Tsamin ruwan tumbi na kashe yawancin waɗanda aka haɗiye, sannan idan ciki ba abinci, hanjin kan yi wani motsin shara duk bayan minti 90 zuwa 120. Ciwon suga da ya taɓa jijiyoyi, da tiyatar ciki, da magunguna irin su tramadol, duk suna raunana wannan motsi. An kuma danganta larurar da daɗewa ana shan maganin rage tsamin ciki.

Idan bakteriyar suka samu gindin zama, sai su riga jiki cin abincin. Suna ruɓar da sitaci da suga, iska ta cika ciki. Suna lalata ruwan matsarmama, maiƙo ya kasa narkewa, ya fita a bahaya mai wari, ya tafi da bitamin A, D da E. Suna kuma cinye bitamin B12, wanda rashinsa ke jawo ƙarancin jini, kasala da dindiris a ƙafafu. Mutum na ci, amma yana ramewa.

Ana gano larurar ta gwajin numfashi: majinyaci ya sha ruwan gulukos, a riƙa auna iskar haidurojin da yake fitarwa. Likita kan rubuta maganin kashe bakteriya kamar rifaximin na kimanin mako 2, ya kuma cike gurbin bitamin ɗin da aka rasa. Sai dai takan dawo matuƙar ba a magance sanadinta ba.

Saboda haka, kumburin ciki da ya zo tare da zawo mai daɗewa da rama ya wuce sha'anin kemis. Likitan ciki ya kamata a gani.