Dinari da Zinari: Uwa Ɗaya, Ma'ana Dabam

Duk wanda ya ambaci dinari a Kasuwar Kurmi cikin birnin Kano, zinariya ce za ta faɗo wa masu saurare a rai. Ba abin mamaki ba ne, gama da rubu'in dinarin zinariya malaman birni suke ƙiyasta mafi ƙarancin sadaki. Amma 'yan'uwa, in muka shiga Linjila da wannan ma'ana, za mu kauce wa abin da ake nufi.

Asalin kalmar daga Latin ne, harshen Romawa. Wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Almasihu suka fara buga kuɗin azurfa mai suna "denarius", domin darajarsa daidai take da kwabban tagulla 10. Daga baya Larabawa suka ari sunan, kuma wajen shekara ta 696 Halifa Abdulmalik na Dimashƙa ya buga nasa dinari da zinariya. Kalmar ta ƙetaro Sahara tare da fatake da malamai har ƙasar Hausa. Masana harshe suna ganin daga gare ta ne muka sami "zinari" da "zinariya". Ashe sunan azurfa ne ya rikiɗe ya zama na zinariya.

To, dinarin zamanin Yesu na azurfa ne, ɗan ƙarami, nauyinsa bai kai giram 4 ba. A Matiyu sura 20, shi ne ladan yini guda na ɗan ƙodago a gonar inabi. Da wannan ma'auni sauran wurare sukan fito fili. Dinari 2 da Basamariyen nan ya ba mai masauki a Luka 10 guminsa ne na kwana biyu. Turaren da Maryamu ta zuba a ƙafafun Ubangiji a Yahaya 12, wanda aka yi wa kuɗi dinari 300, ya kusa ladan shekara guda cur. Shi ya sa aka yi gunaguni a kansa.

Saboda haka muna roƙon masu wa'azi da malaman makarantar Lahadi, in sun zo kan dinari, su dakata su bayyana. Kada jama'a su koma gida da zaton labarin attajirai suka ji. Lissafin leburori ne, irin waɗanda suke fita da asuba neman abin da za a ɗora a murhu.