Ƙara wa kwamfuta gudu: Yadda yawan wuta ke kashe furosesa

Masu wasannin kwamfuta da masu tace bidiyo kan shiga BIOS su ƙara wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar tebur, gudu fiye da yadda kamfani ya tsara. Sai dai ƙarin gudu na buƙatar ƙarin ƙarfin wuta, ita kuma wutar zafi take haifarwa.

Idan wutar ta yi kaɗan, kwamfuta kan daskare ko ta nuna shuɗin allo. Wannan da sauƙi: a rage gudun, ko a cire batirin CMOS saitin ya koma na asali. Idan kuwa ta yi yawa, ɓarnar ba ta gyaruwa.

A 2023 wasu furosesa samfurin Ryzen 7000X3D sun ƙone, har kamfanin AMD ya taƙaita wutar sashen SoC zuwa bolt 1.3. A 2024 kuma Intel ya amsa cewa yawan wuta ne ke lalata nasa na zubi na 13 da 14, ya fitar da gyara tare da ƙara garanti na shekara biyu. Wanda ya riga ya lalace, sai dai canji.

Shi ya sa ƙwararru ke bi a sannu. Abu ɗaya suke sauyawa, su gwada da Prime95 na sa'o'i suna lura da zafi a HWiNFO, sannan su ƙara.

Yanayi ma na da tasiri. Saitin da ya zauna lafiya da hunturu a Kano na iya kasawa a watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40.