Goldorak: Gardamar da Ta Ƙi Ƙarewa

A ranar 3 ga watan Yuli na shekarar 1978 ne tashar telebijin ta Antenne 2 a Faransa ta fara nuna wani majigin zane mai suna Goldorak. Go Nagai ne ya ƙago shi a ƙasar Japan, inda aka nuna shi kashi 74 daga 1975 zuwa 1977. Labari ne na wani yarima, Actarus, wanda mayaƙan sarki Vega suka rushe duniyarsu. Ya gudo tamu duniyar da ƙaton mutum-mutumin ƙarfe mai ƙaho, ya fake a wani gidan gona.

Yaran da suka kalle shi sun yi furfura, amma har yau suna gardama a kansa.

Gardama ta farko a kan Alcor ce, abokin yarima. Me ya sa matashi mai ƙaramin jirgi yake da zuciyar tsohon mayaƙi? Amsar tana wurin masu fassara. A Japan sunansa Koji Kabuto, kuma shi ne jarumin wani majigi da ya gabata, Mazinger Z, na 1972. Da Michel Gatineau ya raɗa wa mutanen labarin sunayen taurari a fassarar Faransanci, sai zaren da ya haɗa labaran biyu ya tsinke. Ƴan kallon Japan sun ga jarumin da aka rage wa girma, na Faransa kuwa suka ga ɗan rakiya.

Ta biyu a kan ma'ana ce. An juya majigin zuwa Larabci a Lubnan lokacin yaƙin basasa, Larabawa da yawa suka ɗauke shi labarin wanda aka raba da ƙasarsa. A Faransa kuwa iyaye sun ji tsoron yawan faɗan da ke ciki, har Liliane Lurçat ta rubuta littafi a kan haka a 1981.

Ta ukku a kan ƙarshe ce. Yarima ya koma gida da ƙanwarsa, ya bar Venusia mai ƙaunarsa. Ko ya dawo? A 2021 wasu Faransawa biyar da suka tashi da son majigin suka ba da tasu amsa cikin littafin zane, da izinin Go Nagai.

Akwai abin lura a nan ga ma'aikatan yaƙi da jahilci na Damargu. In za a mayar da irin wannan labari cikin Hausa, ba za a rasa sunaye ba: manomin Tanut da makiyayin Belbeji sun san Zara da Gamzaki da Kaza da Ƴaƴanta. Sai dai wajibi ne mai fassara ya san asalin labari kafin ya taɓa suna, domin abin da tafinta ya yar, mai sauraro zai shekara arba'in yana nema.