Makarantar Kasuwanci Ta Kano Da Tsohuwar Hanyar Gwanja

A shekarar 1947 ne aka buɗe wata 'yar makaranta a Zariya domin horar da akawuna. Ita ce ta girma ta zama Makarantar Koyon Aikin Mulki ta Kongo, inda ma'ajin En'e da malaman ofis suka riƙa zuwa kwas, har aka haɗa ta da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Daga nan ne koyar da lissafin kuɗi da sarrafa kasuwanci a matsayin jami'a ya kafu a ƙasar Arewa.

Kano ta biyo baya, amma da ƙarfinta. A 2018 Alhaji Aliko Dangote ya miƙa wa Jami'ar Bayero ginin makarantar koyon kasuwanci da ke ɗauke da sunansa, wanda ya ci Naira miliyan dubu ɗaya da miliyan 200. A nan ake horar da ma'aikatan banki da na kamfanoni har su sami babban digiri na MBA.

To, abin sha'awa shi ne asalin mai kyautar. Tattaɓa-kunnen Alhassan Dantata ne ta wajen uwa, watau gidan da ya tashi da fataucin goro. Ayarin fataken Kano masu zuwa Gwanja kuwa da yawansu ta ƙasar Yawuri suke bi su ƙetare Kwara. Madugu bai san allo da alli ba, amma ya san fito, ya san lamuni, ya san ranar da goro zai yi tsada.

Yau wannan mashigi tafki ne. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya ci garuruwa da tsibirai, aka sake wa dubban Gungawa da Kambari matsuguni. Sai ciniki ya koma kan kifi. Duk wanda ya ga kasuwar Wara, hedkwatar ƙaramar hukumar Ngaski, ya san ba ƙananan kuɗi ke juyawa a wurin ba: banda da warangi a kwanduna da buhuna, ana loda wa motocin Kudu. Dillali ya ba masunci bashin koma da injin jirgi, masunci ya biya da kamu, a farashin da sau da yawa mai ba da bashin ne ke yankewa. Galibi babu takarda, sai amana da shaidu.

A ganinmu, a nan ne malaman Kano da Zariya suke da aiki. Littattafan da ɗalibansu ke karantawa cike suke da labarin kamfanonin Amurka da Ingila. Da za a tura ɗalibi guda ya zauna wata uku a Wara, ya bi buhun warangi ɗaya daga bakin ruwa har Anaca, yana rubuta abin da kowane hannu ya ci a hanya, da masunci ya ga rabonsa a rubuce, ya san abin da zai gaya wa dillali a kasuwa mai zuwa.