Kafin Ka Zargi Wayarka: Inda Bidiyo da Hoto Ke Lalacewa

A Tudun Wada ta Kano, da maƙwabtanta irin su Gama da Gwagwarwa, da wuya a yi kamu ko walimar saukar Alƙur'ani ba ka ga wayoyi a sama ba. Tela na ɗaukar ɗinkinsa, mai turaren wuta na ɗaukar kwalabenta, ɗalibi na ɗaukar karatun malam. Kukan kuma ɗaya ne: "A wayata tas yake, ina turawa ya yi dishi-dishi." Daga nan sai mutum ya fara tara kuɗin zuwa kasuwar waya ta Farm Centre ya canza wata. Sau da yawa asara ce, domin Tecno ko Infinix ɗin da ke hannunsa ta yi aikinta. A hanya abin ya lalace.

Waɗanda suka riski zamanin kaset, tun daga fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990 har lokacin da Ƙofar Wambai ke cike da dillalan fina-finai, sun san kwafin da aka ɗauko daga kwafi ba ya kai na asali, na uku kuwa fuskokin 'yan wasa ma sai an ƙura ido. Abin da ke faruwa a WhatsApp ke nan ta wata siga. Manhajar tana matse duk hoto ko bidiyon da ka ɗora don ya rage cin data, kuma abin da ta zubar ba ya dawowa. In wani ya sauke, ya sa masa rubutu a CapCut, ya ɗora a sitatus, wani kuma ya naɗo daga fuskar wayarsa ya kai TikTok, an matse shi sau huɗu ko biyar ke nan.

Magani a nan mai sauƙi ne. Tun 2023 WhatsApp ya sa maɓallin HD a saman hoto kafin turawa, sai dai shi ma yana ɗan matsewa. In aikin na kuɗi ne, a tura shi a matsayin dokumen, wato ta hanyar da ake tura takardu. Ta nan fayil yana tafiya yadda yake, har zuwa girman 2GB. In kuma kuna kusa, Xender ko kebul ba sa rage komai, shi ya sa fim ɗin da masu turi ke zuba maka a shago ya fi wanda ya zagayo ta guruf kyau. Masu buga kalandar biki da fastar 'yan takara sun fi kowa shan wannan wahala: a kawo musu hoton da aka ciro daga sitatus, a ce a buga shi ƙato, in ya fashe a ce ba su iya aiki ba. Launin ma ba zai zo daidai ba, don fuskar waya da haske take haɗa launi, injin bugu kuwa da tawada, saboda haka shuɗin shaddar da ke ƙyalli a waya yakan fito a dushe. A nemi gwaji a ƙaramar takarda kafin a buga ɗari.

Akwai kuma ɓarnar da ake yi tun wajen ɗauka, wadda mai tace bidiyo ba shi da yadda zai yi da ita, ko a situdiyon Zoo Road yake. Ta farko ita ce gilashin kyamara. Ƙurar hunturu da maiƙon yatsa suna sa hoto ya yi hazo, fitilu su yi jela. A goge da ƙyalle mai laushi kafin a danna. Ta biyu haske: in taga ko ƙofa tana bayan mutum, fuskarsa za ta yi duhu, a juya shi ya fuskance ta. Ta uku, wadda ta fi ɗaure wa mutane kai, ita ce layukan da ke yawo a bidiyon da aka ɗauka cikin ɗaki ko zauren biki. Wutar lantarkin Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, yawancin wayoyi kuma suna zuwa a saite kan hoto 30 a daƙiƙa, wanda ya dace da ta Amurka. Wasu ƙwayayen fitila suna ƙiftawa da saurin da ido ba ya gani, kyamara kuwa tana kamawa. In wayarka ta ba da dama, mayar da ita kan 25 ko 50. In janareto ne ke ja yana hawa yana sauka, wannan ma ba lalle ya yi ba; gara a fito tsakar gida.

Sauti kuwa shi aka fi rainawa, alhali mai kallo zai jure hoto mai rauni amma ba zai jure hayaniya ba. Ƙarar inji, fanka, hon ɗin adaidaita sahu, duk suna shiga. Ƙaramin makirfon da ake maƙalawa a wuyan riga ya fi kowace manhajar gyaran murya amfani. Wanda ba shi da shi ya matso kusa da mai magana, ya bar jawo hoto daga nesa. A wajen biki kada a tsaya gaban lasifikar DJ, domin sautin da ya fashe ya fashe ke nan. Wani lokaci kuma bayan an kai bidiyo kwamfuta sai baki ya riga murya ko murya ta riga baki. Dalili shi ne waya ba ta riƙe adadin hotuna a daƙiƙa daram, tana ragewa in haske ya yi ƙasa ko ta yi zafi. Manhajar HandBrake, wadda kyauta ce, tana iya daidaita adadin kafin a fara tacewa.

Zancen 4K ma a bi shi a hankali. Ɗigon hotonsa ya ninka na 1080 sau huɗu, don haka yana cika waya, yana sa ta zafi, musamman a bazarar Kano da zafi ke haura digiri 40, kuma manhajar tacewa ta riƙa sandarewa. Ga tsadar data, tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Ga mai tallan atamfa a Facebook, 1080 ya wadatar. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka san inda za ka ɗora kafin ka ɗauka: TikTok da sitatus a tsaye, YouTube a kwance. Masu shirye-shirye irin Izzar So da Labarina a kwance suke ɗauka saboda YouTube ne gidansu. Wanda ya ɗora a YouTube ya ga ya fito ba kyau, kada ya yi saurin gogewa. Ƙaramin kwafi ake fara fitarwa, mai kyan yana biyo baya. In kuma aka toshe sautin ko aka ce kuɗin tallan na wani ne, to waƙar da ke tashi a bayan fage ce aka gane mai ita, ko da DJ ne ya kunna.

Masu sa rubutun Hausa a kan bidiyo suna da tasu matsalar: ƙ da ɗ da ɓ su koma akwatuna, ko su fito da siffa daban da sauran haruffa. Ba duk salon rubutu ne ke ɗauke da su ba. A gwada rubuta su tun farko, in ba su fito ba a canza salo. Noto Sans na Google yana da su duka. Hakanan hoton iPhone da ya ƙi buɗewa a tsohuwar kwamfutar shagon bugu: tun 2017 Apple ke ajiye hotuna a tsarin HEIC, kuma a saitin kyamara ana iya mayar da shi JPEG.

Sai memori. Akwai na jabu da ke nuna 64GB alhali cikinsa bai kai haka ba. Yana cika sai ya riƙa taka tsofaffin fayiloli ko ya ajiye waɗanda ba sa buɗewa, mai ɗaukar biki kuma sai washegari zai gane. A cika sabon memori da fina-finai, a buɗe na farko da na ƙarshe a gani, kafin a fita aiki da shi. Asalin abin da aka ɗauka kuma a ajiye shi wuri biyu, kada a goge sai mai aiki ya karɓa ya ce ya gamsu. In wayar za ta je wajen mai gyara, a cire memorin a kwashe hotunan iyali tukuna.