Yaushe Ɓawon Ƙasa Ya Fara Motsi?

Ƙasar da muke takawa ba a dunƙule take ba. Ɓawonta ya rabu zuwa manyan farantai, kamar tsagaggiyar tukunya. Kowane faranti yana tafiya a hankali, santimita kaɗan a shekara, kwatankwacin yadda farce yake tsiro. Inda farantai biyu suka haɗu, ɗaya yakan nutse a ƙarƙashin ɗaya. Wannan motsi ne yake haddasa girgizar ƙasa da aman wuta, shi ne kuma ya ta da manyan duwatsu irin su Himalaya.

Duniya ta kai kimanin shekara biliyan 4.5. To, yaushe wannan motsi ya fara? Amsar tana da wuya, domin motsin kansa yana cinye shaidarsa. Tsohon ƙasan teku yakan nutse cikin ƙasa ya ɓace, shi ya sa mafi yawan wanda ya rage bai wuce shekara miliyan 200 ba. Saboda haka masana suka koma ga tsofaffin duwatsun da suka tsira a kan tudu.

Shaida ta farko ta fito daga Jack Hills a yammacin Ostareliya. A can aka sami ƙananan ƙwayoyin wani ma'adini mai suna zirkon, waɗansunsu sun kai shekara biliyan 4.4. Sinadaransu sun nuna cewa tun a lokacin akwai ruwa a doron ƙasa. Waɗansu masana suna ganin motsin ya fara tun wannan zamani.

Shaida ta biyu tana cikin lu'ulu'u. Lu'ulu'u yana samuwa ne can cikin zurfin ƙasa, kuma yakan riƙe ɗan guntun dutsen da yake kewaye da shi. Binciken da aka buga a 2011 ya nuna cewa guntayen tsohon ƙasan teku sun fara bayyana a cikin lu'ulu'u ne kimanin shekara biliyan 3 da suka wuce. Wato a lokacin ne ƙasan teku ya fara nutsewa sosai.

Shaida ta uku wani shuɗin dutse ne wanda yake samuwa inda faranti mai sanyi ya nutse. Mafi tsufansa bai kai shekara biliyan 1 ba. Don haka waɗansu suka ce irin motsin da muke gani yau sabon abu ne.

Me ya sa shaidun suka saɓa? Da farko cikin ƙasa ya fi na yanzu zafi ƙwarai, ɓawonta kuma ya fi taushi. Masana da yawa suna ganin motsin ya soma ne nan da can, sa'an nan ya game duniya yayin da take hucewa.

Sanin wannan lokaci yana da muhimmanci. Motsin farantai ne ya gina nahiyoyi, yana kuma taimakawa wajen daidaita iskar da take riƙe ɗumin duniya. Tarihinsa yana haɗe da tarihin rayuwa kanta.